MAGARIYA, ICCEN DA MUKE SARA A GIDA MUNA SAYEN ƊIYANSA A BIRNI

(Jawabin da wani malamin makaranta ɗan ƙungiya ya yi a taron bayan kaka, unguwar Kalley, Yamai)



  An ba ni izinin in yi magana a kan magariya, kuma na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka ci ɗiyanta tun kafin a haifi mahaifina. Saboda haka ba koya muku ita zan yi ba. Abin da masu ilimin tsirrai suka rubuta ne zan ajiye kusa da abin da kuka sani, sa'an nan in roƙi taro ya yanke shawara kafin lokacin sassabe ya zo.

A littattafan Faransanci da ake karantarwa a lakwal akwai wani tsiro da ake yawan ambata, Faransawa suna ce masa ronce, ɗiyansa kuma mûre. Masana sun sa masa Rubus fruticosus. Ƙaya ce mai yaɗo da ke fita da kanta a bakin gonaki da gefen hanya a ƙasashen Turai. Reshenta yakan yi tsawo ya sunkuya, inda kansa ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa ya zama sabon gindi, shi ya sa in ta kama wuri ba ta da sauƙin fitarwa. Ɗiyan kuwa ƙananan ƙwayoyi ne cunkushe wuri guda, su fara da kore, su yi ja, su nuna baƙi wuluk wajen watan Agusta da Satumba. Yara su tsinka su ci, mata su dafa da sukari su zuba a kwalba don lokacin sanyi. Tana son ƙasa mai laima da sanyi, don haka ba ta fita a ƙasarmu. Yaranmu suna haddace sunanta, suna rubuta shi ba kuskure, ba su taɓa ganin ta ba. Amma ka ce wa yaron da aka haifa nan Yamai ya bambanta maka magariya da kurna, sai ya tsaya yana kallon ka. Alhali duk aikin da ronce ke yi wa Bafaranshen ƙauye, shinge da ɗiyan ci da magani, magariya tana yi mana shi har da ƙari, kuma tana yi a inda ruwa bai isa ba.

Sunanta a wurin masana Ziziphus mauritiana. Wani masani Bafaranshe mai suna Lamark ne ya rubuta wannan suna a shekarar 1789, ya jingina ta ga tsibirin Moris na tekun Indiya. Faransawa suna ce mata jujubier, maƙwabtanmu Zabarmawa darey, Fulani jaaɓi, mutanen ƙasar Indiya kuma ber. Tana da ƴan'uwa biyu a dajinmu. Akwai kurna, wadda takan zama babban icce mai inuwa, mun saba ganin ta cikin gari da bakin rijiya. Akwai kuma magariyar kura, wadda ɗiyanta ba su da daɗin ci. Hanya mafi sauƙi ta gane magariya ta gaske ita ce a juya ganyen. Samansa kore ne mai sheƙi, ƙarƙashinsa kuwa fari-fari ne, da wani gashi mai laushi kamar auduga. Ganyen kurna ba shi da wannan farin gashi. Wannan gashin ba ado ba ne: ta ƙananan ƙofofin da ke ƙarƙashin ganye ne icce ke zubar da ruwansa, gashin kuma yana tare iska da zafi, ruwan ya daɗe bai tafi ba. Ku duba kuma za ku ga jijiyoyi uku da suka taso daga gindin ganyen suka nufi kansa.

Ƙayar ita ma tana da tsari. Bibbiyu take fitowa a gindin kowane ganye, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya. Miƙaƙƙiyar ta soke ka, lanƙwasasshiyar ta riƙe maka riga. Duk wanda ya yi kiwo yana yaro ya san wannan a jikinsa.

Amma asirin magariya yana ƙarƙashin ƙasa. Tun tana ƙarama, kafin ta yi wani tsawon kirki, saiwarta take fara nutsawa ta bi ruwa can ƙasa. Shi ya sa take rayuwa inda ruwan shekara bai wuce milimita 300 zuwa 500 ba, a jigawa, a fako, a bakin tabki, har a ƙasar da hatsi ya ƙi. Shi ya sa kuma in an sare ta ba ta mutuwa. Kututturen da muke gani a gona yana toho kowace shekara, muna sarewa muna ƙonewa, ba ƙaramin tsiro ba ne. Tsohon icce ne mai cikakkiyar saiwa, wanda muke hana shi tashi. In aka ƙyale shi yakan kai mita 3 zuwa 8, wani ma ya fi. Ƙarfin halin nan nata ya sa a arewacin Ostareliya, inda aka kai ta daga waje, ta cika makiyaya har hukuma ta lissafa ta cikin tsirran da ake yaƙa. Ronce ɗin ma haka ta yi musu a kudancin ƙasar. Su ta yi musu yawa, mu kuwa tana ƙare mana.

Tana fure wajen ƙarshen damina. Furen ƙanana ne ƙwarai, kore-kore mai ruwan ɗorawa, ba ya ɗaukar ido, amma ƙudan zuma da sauran ƙudaje sun san shi, su ne ke kai garin fure daga wannan icce zuwa wancan. Ɗiyan su nuna cikin ɗari, daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu. Ku lura da wannan lokaci da kyau. An gama kaka, ganyayen damina sun bushe, mangwaro bai zo ba. A cikin wannan tsakani magariya tana cikin ƴan itatuwan da ke ba yaro abin sawa a baka kyauta. Ɗanyunta suna da bitamin C mai yawa, sinadarin nan da muke sayen lemu dominsa, wanda rashinsa ke sa dasashi zubar jini. In ta bushe wannan yakan ragu, amma zaƙin da ke riƙe ciki yana nan, kuma busasshiya takan yi watanni a buhu ba ta lalace ba.

A nan zan ɗan dakata a kan akuri, don na lura ƴan matanmu na birni da yawa ba su san yadda ake yin sa ba. Ana shanya ɗiyan su bushe ƙamas. A zuba a turmi a daka a hankali, dakan da zai fid da naman ya bar ƙwallon bai fashe ba, don in ƙwallo ya fashe gari ya ɓaci. A tankaɗe. A yayyafa wa garin ruwa kaɗan, a danna shi a ƙaramin ƙoƙo ko a ƙulle a tsumma mai tsabta, a turara. Ba a sa sukari, ba a sa mai. Abin da ya fito shi ne akuri, guzurin matafiyi da makiyayi, abin da tsohuwa ke ɓoye wa jika. Wasu kuma sukan dama garin a sha, ko a zuba a kunu. Yau ku zagaya Babbar Kasuwa da ke nan kusa da mu, ko Katako, ko Wadata, cikin sanyi za ku tarar da mata da tiya suna auna magariya, yara kuma suna saye a ƙofar makarantu. Daga ƙauye aka kawo ta. Mu da muka fito daga inda take fita kyauta, mu ne masu saye.

Ganyenta abincin awaki ne da raƙuma a lokacin da ciyawa ta ƙare. Iccenta yana da ƙarfi, ana yin ƙotar gatari da ta fartanya da shi, yana kuma ci da wuta sosai. Ƙayarta ita ce shingen garka da na rumbu. Masu maganin gargajiya suna amfani da saiwa da ɓawo don ciwon ciki da zawo. A nan dai shawarata ita ce yaron da zawo ya kama a ba shi ruwan gishiri da sukari a kai shi likita, kada a tsaya jiran saiwa ta yi aiki. Malamanmu da ke zaune a gaba sun fi ni sanin matsayinta a addini: da ganyenta ake wankan gawa, kuma iccen nan da aka ambata a cikin Suratun Najmi, Magariyar Tuƙewa malaman Hausa suka fassara shi. Icce ne da ke tare da mu tun daga ƙuruciya har ranar da za a kai mu makwanci.

To, me ya sa muke sare ta?

Ba zan ce manomi ba shi da hujja ba. Yana da ita. Magariya ba gawo ba ce. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Magariya kuwa da damina take cika da ganye, in ta yi cunkus tana danne shukar da ke gindinta, ƙayarta tana hana noma, tsuntsaye kuma suna samun wurin sauka. Akwai wani dalili kuma da dattawa suka sani. A ƙarƙashin dokar daji ta 1974 mutane sun ɗauka icce na gwamnati ne ko da a gonarka yake, in ka bar shi ya girma ka taɓa shi a ci ka tara. Sai kowa ya ga gara ya kashe shi tun yana toho. Aka kuma daɗe ana koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal.

Abin da wannan ya jawo, waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 su ne shaidu, ni labari na ji. Iska ta riƙa kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka, a yi shuka sau biyu sau uku. A 1975 aka maida ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, a watan Mayu na 1984 kuma, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada. An dasa itatuwa ba iyaka, amma dashe yana son ban ruwa da tsaro, da yawa ba su kai shekara ba. A ƙasar Maradin nan ne, a 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki da manoma ya lura da abin da na faɗa ɗazu, cewa tohon da ke gonaki itatuwa ne masu rai. Daga nan aka fara abin da mutanenmu suka sa wa suna sassabin zamani. Ba wani abu mai wuya ba ne. In ka zo kututture, maimakon ka share shi duka, ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka yanke sauran, ka sassabe ƙananan rassan ƙasa don su miƙe sama. Ba kuɗi, ba ban ruwa. Binciken da aka yi bayan shekara ashirin da wani abu, wanda masanin ƙasarmu Mahamane Larwanou yana cikin masu yin sa, ya kiyasta cewa gonaki wajen hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, kimanin icce miliyan 200, yawanci a jihohin Maradi da Damagaram. Doka ma ta sake: an yi sabuwar dokar daji a 2004, a 2020 kuma gwamnati ta fid da doka ta musamman a kan wannan sassabe, wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya raina a gonarsa. Tsoron da ya sa kakanninmu sara ba shi da tushe yanzu.

Magariya tana cikin itatuwan da suka fi karɓar wannan aiki. In an ɗaga ta ta zama icce mai gindi ɗaya ko biyu, inuwarta takan yi sama, a yi noma har gindinta. Wanda ba ya son ta tsakiyar gona ya bar ta a kan iyaka, ta zama masa shaida, ta rage masa rigimar iyaka da maƙwabci, wadda kun san yawan zaman sulhun da take ci mana a wannan ƙungiya.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, mu mazauna birni. Yawancinmu ba mu ke yin sassaben gonakinmu ba. Kuɗi muke aikawa a watan Afrilu ko Mayu, a ɗauki ƴan ƙwadago. Ɗan ƙwadago kuwa gona aka ba shi jinga, so yake ya gama ya tafi ta gaba. Ba zai tsaya zaɓen toho ba in ba a ce masa ba. Ya sare, ya tara, ya sa wuta a kan kututture, wutar nan kuma ita ce ke kashe saiwar da gatari ya kasa. Ku kwatanta gonar wanda ke zaune a gida da ta wanda ke Yamai ko Kwatano ko Legas, sau da yawa za ku ga ta ɗan birni ta fi zama tsirara. Kuɗinmu ne ke yin wannan aiki, ba mu sani ba.

Akwai kuma maganar aure, irin wanda ake yi wa mangwaro. A ƙasar Indiya an daɗe ana zaɓen magariya mai manyan ɗiya, har aka sami iri masu suna, kamar Gola, Seb da Umran. Ɗan waɗannan yakan kai girman ƙaramin ƙwai, ya ninka namu sau goma ko fiye, ana cin sa ɗanye yana ƙaras-ƙaras. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai a kan hanyar Say, ta yi aiki sosai wajen yaɗa su, musamman bayan zuwan wani masani ɗan Isra'ila, Dov Pasternak, a 2001. Ita ce kuke ji ana kira pomme du Sahel, wato tuffar Sahel, kuna ganin ta a tire a bakin titi cikin sanyi. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne gindinta magariyarmu ce. Ana yanko ɗan reshe ko ido daga mai manyan ɗiya a ɗaura shi a kan sabon tohon tamu ta daji, a naɗe da leda har ya kama. Saiwa tamu mai jure fari, ɗiya na Indiya. Wanda ke da tsohon kututture a gona ya riga ya fi mai sayen dashe da shekaru, don saiwarsa ta gama tafiyarta. A wasu garuruwa an ba ƙungiyoyin mata fako wanda kowa ya yar, suka haƙa ramuka masu siffar rabin wata don tare ruwan sama, suka dasa ta tare da zogale da kuɓewa, wurin ya koma ba da amfani.

Amma a ganina kada mu yi gaggawar aurar da duka. Mai aure tana da nata wahalhalu. Akwai wani ƙuda da ke huda ɗan ya yi ƙwai a ciki, ka ɓare ka tarar da tsutsa. Maganinsa na farko shi ne a tsince duk wanda ya faɗi a binne shi da zurfi, kada a bar shi a gindi. Tana son a datse ta kowace bazara, a kuma riƙa cire tohon da ke fitowa ƙasa da wurin ɗaurin, in ba haka ba ta dajin ta rinjaye ta. Ɗiyanta masu ruwa ne, kwana kaɗan suke yi su yi laushi, garinmu kuma ba a bakin kwalta yake ba. In babu mota ranar da ta nuna, hasara ce. Tamu ta daji ƙanana ce, amma tana jira. A shanya, a zuba a buhu, a sayar ranar da aka ga dama, ko a ci a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kuma da ita ake akuri. Saboda haka ni abin da na fi so shi ne a aurar da kaɗan kusa da gari da rijiya, inda ido ke kai, a bar na nesa yadda Allah ya yi su.

Sauran magana ɗaya, ita kuma ta dattawa ce, ba tawa ba. Tun asali ɗiyan magariya na wanda ya tsinka ne. Tsohuwar da ba ta da gona, da marayan da ba shi da kowa, ba a taɓa hana su ba. Ranar da mutum ya kashe kuɗi ya yi wa iccensa aure, ranar zai ce nasa ne, kuma yana da gaskiya. In ba a tsara abin tun yanzu ba, gobe za a kawo ƙarar yaro don ya tsinki magariya, abin da ba a taɓa ji ba a garinmu. Haka ma makiyaya da ke sauka bayan kaka: sun saba kakkaɓe wa dabbobinsu ganye, wani ma ya sare reshe. Gara a zauna da ardonsu a gaban maigari a faɗa musu wanda aka yi wa alama, da a bari sai sanda ta yi magana.

Ga abin da nake roƙon taro ya duba. Duk ɗan ƙungiya da zai aika kuɗin sassabe bana, ya haɗa da saƙo cewa a bar tohon magariya da na gawo da na sauran itatuwan amfani, kada a sa wuta a kan kututture, ya kuma ƙara wa ɗan ƙwadago wani abu a kan jingar don aikin ya fi cin lokaci. Daga asusun ƙungiya a ɗauki nauyin mutum huɗu, maza biyu mata biyu, waɗanda ke zaune a gida rani da damina, su je su koyi aure wurin ma'aikatan gandun daji na jiharmu, su kuma nemo mana inda za a sami reshen iri mai kyau. Ni kuma, tare da abokan aikina malamai da ke cikin ƙungiya, za mu rubuta wa daraktan makarantar garinmu mu roƙe shi a kewaye filin makaranta da shingen magariya mai rai. Yara su tara ƙwallaye cikin sanyin nan, a fasa su a hankali a fid da ƙwayar ciki, don ƙwallon da ba a fasa ba yakan daɗe bai tsira ba, a shuka a leda wajen watan Afrilu, a dasa in ruwa ya zauna. Maganar wa ke da ikon tsinka kuwa, ina roƙon Shugaba ya sa ta cikin wasiƙar da za a ba iyayenmu da suka zo su kai wa maigari.

Ma'aji ya ce zai faɗa mana abin da ke cikin asusu bayan sallar La'asar, sai a san ko kuɗin tafiyar mutum huɗun za su fita bana.